Birkin Fijon Baba

Samaru, 3 ga Maris

Yaya Lucia,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da amaryarmu Christabel. Mama na gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Kin san Mama ta kafe sai a Fijon Baba za ta je ɗaurin auren jikarta. To, na yaye tamfal ɗin da ya rufe motar shekara tara, muka ja ta da igiya zuwa garejin Baba Akinola a Sabon Gari. Inji ya tashi a bugu na uku, kamar jiya aka kashe shi. Birki ne ya ƙi. Ina takawa sai ƙafata ta tafi har ƙasa.

Da Baba Akinola ya buɗe tukunyar man birki, ba mai a ciki, sai tsatsa da wani farin busasshen abu. Ya shinshina, ya dube ni.

Yaya, ni na san ko mene ne. Sabulu ne. Ranar Asabar ɗin da Babanmu ya aike ni Sabon Gari sayen man birki, ƙwallo nake son kallo. Na taɓa jin direbobin tasha na cewa ruwan sabulu yana riƙe birki, sai na dama garin sabulu na zuba, na ce wa Baba na sayo. Bayan kwana huɗu ya daki bishiyar mangwaro a hanyar gonarmu ta Bomo, Mama ta karye a hannu. Ya ce ƙafarsa ce ta tsufa, ya ajiye tuƙi. Har yau in hannun ya motsa mata, sai ta ce taurin kan Baba ne ya jawo, ni kuwa ina zaune ina ji. Kunya ta ishe ni, wallahi.

Ƙaninki,
Mordecai

Samaru, 9 ga Maris

Yaya Lucia,

Ina gaishe ki, ina fata gajiyar shirin biki ba ta yi yawa ba. Amsarki ba ta iso ba tukuna, ban kuma ga laifinki ba.

Mota ta gyaru. An sauya bututun birki da robobinsa duka, an zuba mai na gaske, da idona na ga an fasa kwalbar. Na gwada ta har Muchia, tana tsayawa cak.

Da na zo karɓar makulli na faɗa wa Baba Akinola gaskiya. Ashe ba labari na kai masa ba. Ya ce washegarin hatsarin shi aka kira ya duba motar, ya nuna wa Baba kumfar a tafin hannunsa. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a mayar da murfin, kada kowa ya ji, musamman Mama.

Shekara biyu Babanmu ya ƙara a duniya, Yaya. Kullum ni nake kai shi coci a Keke Napep, yana yi min godiya, yana cewa Allah ya yi min albarka. Kuma ya sani.

Na zauna a cikin motar na yi kuka. Ranar Asabar ni zan tuƙa Mama, amma ba za ta shiga ba sai ta ji daga bakina cewa ƙafar Baba lafiyarta lau. Gobe bayan addu'ar safe zan faɗa mata. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki mai neman gafara,
Mordecai