Layin da na sa aka cire, Baba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Inna tana lafiya, albasarka ta fadama ma ta yi kyau bana.

Ka tafi kana ɗan jihar Sakkwato. Yanzu mu 'yan Kebbi ne. Shi ne abu na farko da mai tafireta a Jega ya gyara mini, da na kai masa takardar tarihin karatuna da aikina. Asibitin koyarwa nake nema, in samu horon zama likitan ƙashi. Guraben kaɗan ne, masu nema kuma ga su nan birjik.

Wurin da ake jera ayyukan da mutum ya taɓa yi, ban fara da asibiti ba. Na rubuta cewa tun ina yaro nake riƙe wa mahaifina, mai ɗori a Aliero, ƙafar masu karaya.

Ai gaskiya ce. Ka tuna manomin Liba da aka kawo a amalanke? Yana ihu, ni ina kuka, kai ko a jikinka. Ka ce, "Lawali, kak ka saki! Tausai nai shi na ka riƙe da kyau." Ban saki ba. Da kaka ya dawo da ƙafarsa, yana jaye da akuya.

Babban likitanmu a Maiyama ya karanta, ya cire tabarau. Ya ce in ina son gurbin nan in cire layin, don masu tantancewa ba sa son jin sunan ɗori.

Raina ya ɓaci, Baba. Amma ni da kaina na tsaya an yanke hannun wata yarinya da wani ya ɗaure da kara har ya ruɓe. Ba kai ba ne. Masu tantancewa kuwa ba su san ka ba, kuma ba za su tambaya ba.

Na koma Jega. Mai tafireta ya sa sabuwar takarda, ya buga komai ban da kai. Ina tsaye ina jin ƙarar injin, kamar ranar da muka dawo daga maƙabarta.

Kai da ka sayar da albasa ka kai ni makaranta, mutane suna cewa ka yar da gado. Yau ga shi ba inda ka rage a takardar sai sunanka a bayan nawa. Abin yana cin raina.

Amma an ce za su ba mu mara lafiya mu duba a gabansu. Zan murza hannuna ya yi ɗumi tukuna, in yi bisimilla a ciki, in bi ƙashin da babban yatsa a hankali. Wataƙila su ce wa ya koya mini. In sun tambaya, wallahi zan faɗa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ɗora mana abin da tafiyarka ta karya.

Ɗanka mai riƙe maka ƙafa,
Lawali