Sarewar da Kowa Ya Ji Ban da Ni

Zuwa ga Yayana Sani, wanda ya riga mu gidan gaskiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji. Na san masu bibiyata a shafin nan ne za su karanta wasiƙar. Duk da haka da kai nake magana, domin kai ne za ka gane abin da ke damuna tun kafin in kai ƙarshe.

Yaya, an sake kaɗa kiɗanka. Ina nufin dogon kiɗan Turawan nan da suke kira simfoni, wanda shugaban 'yan badujalarku ya ba ka a kaset lokacin da kake busa begila a bariki a Kaduna. Wata babbar ƙungiyar makaɗa ce ta yi sabon ɗauka, ya fito kwanan nan.

Ka tuna ranakun Lahadi bayan la'asar, kana goge maɓallan kakinka, ni ina tsintar shinkafa a bakin ƙofa? Inna takan ce kiɗan nan ba kai ba gindi. Sai an zo kashi na biyu, inda gangunan ke yin shiru komai ya lafa, sannan ka ɗaga yatsa ka ce, "Dije, bar manyan, ki nemo ƙaramar." Ƙaramar ita ce wata siririyar sarewa da ke shigowa ta ƙarƙashin goge-gogen. Ranar da na fara kamo ta da kunnena, murnar da ka yi kamar na ci jarrabawa.

Ɗiyata Fa'iza, wadda ba ka sani ba domin bayan rasuwarka aka haife ta, ita ta gano sabon ɗaukan. Tana jami'a a nan kusa da gidanmu a unguwar Glenwood ta birnin Greensboro, kuma tun tana ƙarama take jin labarinka da na kaset ɗin. Ta shigo da murnarta tana karanta mini abin da masu sauraro ke rubutawa a intanet. Wani dattijo ya ce an yi gudu da kashin farko kamar ana korar makaɗan. Wata mata ta ce sai da ta tsayar da mota a gefen titi ta yi kuka. Wani kuma ya rantse tsohon ɗauka ya fi, wannan ƙyale-ƙyale ne kawai. Amma yawancin gardamar a kan sarewarka ake yi. Wai sabon jagoran makaɗan ya fito da ita fili, har numfashin mai busa ana ji. Wasu suka ce abin da suka daɗe suna jira ke nan, wasu suka ce an ɓata sirrinta.

Na ce kada ta kunna mini a waya, a bari sai mun samu natsuwa.

Ranar Asabar muka kama hanyar garin Pleasant Garden, za mu bikin sunan jikar Alhaji Mudi, wani dattijon mutanenmu na nan. Baban Fa'iza na tuƙi, ina gefensa, Fa'iza na baya. Ta kunna kiɗan a mota. Kashin farko ya zo kamar yadda na san shi, har tsigar jikina ta tashi. Aka shiga na biyu. Na gyara zama ina jira.

Ina nan ina jira, sai Fa'iza ta dafa kafaɗata ta ce da Turanci, "Mama, ga ta nan! Kin ji?" Baban Fa'iza, mutumin da kiɗan nan bai taɓa burge shi ba, ya ce, "Kai, wannan sarewa kamar ta makiyayi a bakin rafi."

Yaya, ni ban ji komai ba. Goge-gogen na nan, ina jin su. Inda sarewar ya kamata ta kasance kuwa, wayam. Na gyaɗa kai na yi murmushi, na juya ina kallon gidaje da manyan filayensu suna wucewa. Na ce wa raina ƙarar titi ce.

A wurin suna, bayan an ci an sha, Fa'iza ta ƙi barin maganar. Ta haɗa wayarta da lasifikar falon mata ta ce sai sun ji kiɗan kawunta. Anti Ramatu, 'yar zangon Kumasi, ta saurara na ɗan lokaci ta ce, "To shi mai waƙar yaushe zai fara?" Aka kwashe da dariya. Hajiya Zara'u mutuniyar Yamai ta ce a kashe don Allah, su a can in ka ji irin wannan a rediyo, to wani babba ne ya rasu, kuma yau ranar farin ciki ce. Matar Alhaji ta ce a bari tukuna, sarewar nan ta tuna mata da garinsu. Sai duk suka yi tsit suna sauraro, har mai jego ta lumshe ido.

Falo cike da mata, babu wadda ta taɓa zama ta saurari irin kiɗan nan, kowacce ta ji ta. Ni da ka koya wa neman ta, ina zaune da farantin masa a cinya, ban ji ta ba.

Washegari da hantsi, gida ba kowa, na sa abin sauraro a kunnuwana na ƙure sauti. Da kunnen dama na ji ta can nesa, kamar daga gidan maƙwabta. Na cire na dama na bar na hagu. Babu ita ko kaɗan. Na yi ta maimaitawa, abin bai canza ba.

Nan take Baba ya faɗo mini a rai. Ka tuna yadda nasa ya fara? Da farko ya ce rediyonsa ne ya lalace. Daga baya ya ce yaran yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Ƙarshe ya koma zama a ƙofar gida yana yi wa kowa murmushi, ko ta'aziyya aka zo yi masa. Shekarunsa a lokacin ba su wuce nawa na yanzu da yawa ba.

Kuma, Yaya, da kunnen nan nake cin abinci. Tafinta nake yi wa marasa lafiya, yawanci ta waya: likita ya yi Turanci in mayar Hausa, majinyaci ya yi Hausa in mayar Turanci. A Turanci, sha biyar da hamsin ƙarshensu kaɗai ya bambanta, ɗan siririn sauti ne, irin siririn sarewar nan. Sai na tuna a 'yan watannin nan sau da yawa nakan ce wa likita ya maimaita, ina ɗora laifin a kan layi. Idan wata rana ban nemi a maimaita ba fa? Idan wata tsohuwa da ta amince da bakina ta koma gida ta sha abin da ya fi ƙarfinta? Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Litinin da safe na kira shugabar ofishinmu na ce a cire ni daga aikin waya, a bar ni da na ido da ido, inda zan ga bakin mai magana kuma in ga abin da aka rubuta. Ta yarda, ta yi mini magana mai daɗi. Amma aikin ido da ido kaɗan ne, ni da ita duk mun sani.

Na ga likitan kunne. Suka sa ni cikin wani ɗan ɗaki mai kaurin bango, suka ce in danna maɓalli duk lokacin da na ji ƙara. Ina hangen ma'aikaciyar ta gilashi tana taɓa na'urarta, tana ɗago kai tana kallona, ni kuma yatsana na kan maɓalli ba abin da zan danna wa. Likita ya ce siraran sautuka sun tafi a kunnen hagu, na dama ma ya fara. Ya ce akwai na'urar da ake maƙalawa, za ta taimaka sosai. Amma da yake ɗaya ya fi ɗaya lalacewa, yana so a ɗauki hoton cikin kaina don a tabbatar ba wani abu ne ke danne jijiyar ba. An ɗauka. Sakamakon nake jira yanzu, kuma duk lokacin da wayata ta yi haske sai in yi wuf in duba.

Da na gaya musu a gida, Baban Fa'iza ya ce, "Shi ya sa kike juyo da fuska gaba ɗaya in ina magana. Ni na ɗauka so ne ya ƙaru." Na yi dariya har da hawaye. Fa'iza kuwa kuka ta yi sosai, wai ita ce ta kunyata ni a gaban mutane. Na ce mata in ba don ita ba, da har yanzu layin waya nake zagi.

Jiya da yamma ta zo ta zauna ta gefen damana, ta riƙe hannuna, ta kunna kashi na biyu. Ta ce ba za ta yi magana ba, in sarewar ta shigo za ta matsa mini yatsu. Muka zauna. Da ta matsa, Yaya, sai na ji ta, tar, tun daga hawanta har saukarta. Ban sani ba ko kunnena ne ya kamo ta ko kuwa wadda ka ajiye mini a kai ce ta taso. Ban tambayi kaina da yawa ba. Fa'iza ba ta saki hannuna ba har aka gama.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron hoton nan, ina tsoron aikina, ina tsoron ranar da za a kawo mini jika in ga bakinsa na motsi kawai. Da kana nan, da na san za ka yi mini tsawa ka ce in tashi in yi alwala.

Allah ya jiƙan ka, Yayana, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljanna Firdausi. Allah ya sa in ji alheri daga bakin likita, ya bar mini abin da ya rage, in ci gaba da jin kiran salla da muryar ɗiyata. Wanda duk ya karanta, ya sa ni a addu'a.

Ƙanwarka mai kewarka kullum,
Dije
Greensboro