Turin Gwaggo

Litinin, 3 ga Maris, 1975
Ɗana Ɗan'azumi ya iso daga Kano da sabuwar fijo fara ƙal, wai tawa ce. An ƙara musu albashi, kai ya kumbura. Ya ce tsohuwar motata, Gwaggo, tana zubar masa da mutunci, a ce uban babban ma'aikaci ne ake turawa kullum a tsakiyar Birnin Kudu. Na ce na gode. To me zan ce?

Alhamis, 6 ga Maris
Tun shekarar samun 'yancin kai nake tare da ita. Matata Batulu ce ta raɗa mata sunan, Allah ya jiƙanta. Na yarda, ba ta tashi da makulli tun kafin yaƙi, sai da turi. Amma wa ta dama? Kullum da safe maƙwabcina Obadiya kafinta zai fito, ya kafa mata kafaɗa yana tsine mata, ni ina ciki ina cewa ƙara dai. In ta kama, mu bar ta tana kaɗawa, mu sha koko a dakali. Tun rasuwar Batulu, hirar da nake samu ke nan a yini. Yaron nan bai san wannan ba, bai kuma tambaya ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Ɗan'azumi ya sayar wa Barau maƙeri na Gwaram da Gwaggo. Ko shawara.

Talata, 11 ga Maris
Barau ya zo ɗauka. Obadiya ne ya tura ta, yau ko tsinuwa ɗaya bai yi ba. Da ta sha kwana ya kakkaɓe hannu ya koma shago. Kokon nan sai kaji.

Asabar, 22 ga Maris
Sabuwar, murɗawa ɗaya ta tashi. Ba abin da zai fito da mutum daga gidansa. Obadiya daga bakin shago yake ɗaga mini hannu, har da wani "a sauka lafiya, ranka ya daɗe." Mutumin da yake kirana mai akwala! Wallahi ya yi mini ciwo.

Laraba, 2 ga Afrilu
Na je Gwaram, na ce wa kaina gaisuwa za ni. Da ma ban bi ta maƙera ba. Sun yanka ta. Ƙafafun baya suna ƙarƙashin amalanke, shanu za su ja taki da su zuwa Sara. Kujerar da Batulu take zama tana ƙofar maƙera, wani ƙato ya miƙe a kai yana cin rogo. Barau sai yaba mini ƙarfenta yake, wai yanzu ba a yin irinsa. Na dawo ban iya cin tuwo ba.

Litinin, 7 ga Afrilu
Yau fijo ba ta tashi ba. Wato dai ban murɗa makullin har ƙarshe ba. Na leƙa na kira Obadiya. Ya dubi motar, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya naɗe hannun riga ya zagaya baya.

"Mai akwala, wannan shegiyar ai ta fi Gwaggo nauyi."

Mun sha koko. Har yanzu ba na son motar nan, kuma ban huce da Ɗan'azumi ba. Obadiya bai tambayi abin da ya same ta ba. Ina jin gobe ma ba za ta tashi ba.