Yaya, Baba Yana Raye?

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ina cin abinci, aikin wanki a otal kuma ana ta fama.

Sai dai ki gaya mini tsakani da Allah: Baba yana raye?

Kwanaki ina cikin guga na ji muryarki ras a waya, kina cewa, "Auta, sai haƙuri, Baba ya cika." Na zube ƙasa ina kuka, abokan aiki suna ta ba ni haƙuri. Da shugabarmu ta duba wayar, ashe a kashe ma take. Ita ta kai ni asibiti.

Likita ta ce ciwo ne: ƙwaƙwalwa ke ƙirƙiro murya, mutum ya ji ta kamar daga waje ta zo. Ina shan magani, muryoyin sun ragu. Amma jiya Baba ya kira yana tsokanata wai na manta gida, na kasa amsawa. Ban san ko shi ba ne, Yaya. Na kashe masa waya.

Don girman Allah kar ki kira. Ki sa ya rubuto mini da hannunsa, ko layi ɗaya ne, in nuna wa maƙwabcina ya ce shi ma yana gani. Kar Inna ta ji. In kuma da gaske ya rasu, ki rubuto hakan, in sake kukan.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Auta