Maganin Wanke Nozul

Asabar, bayan isha'i.

Sule bakanike ya ce sai ya kwance nozul mai fesa wa inji mai, motata ta kwana uku a garejinsa. Kwana uku, ga albasata tana jiran kasuwar Ɗambatta gobe! Na san man 'yan bumburutu ne ya toshe shi. Na sayi maganin wanke nozul, na juye a tanki, na cika da man gidan mai.

Sule ya ce, "Alhaji, maganin tari ka ba ta?"

Na ce, "Ai tari take yi."

Na kai ta Bici na dawo don gwaji. Gaskiya har yanzu tana ɗan shaƙewa a hawa. Amma na riga na yi lodi, kuma gobe ta ƙofar garejinsa zan bi, ina danna hon.