Furar da Yaya Ladi ta Sha

Gwaggo Hauwa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya Malam da yara, yaya zaman Ikko?

Tun da ƙanin mijin Yaya Ladi ya zuba mata maganin barci a fura ya keta mata haddi, ta dawo gida Ƙofar Kuyambana, ba ta cin abincin hannun kowa, ko na Inna. Duk ta rame.

Jiya na je karanta mata littafi. Na dama fura, na kurɓa a gabanta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ƙara kurɓa, Asabe." Na ƙara. Ta karɓi ludayin ta sha.

Da a littattafaina ne, da shi ke nan ta warke. Yau kuwa ta sake ƙi. Gobe zan koma.

Ki sa ta a addu'a, Gwaggo. A gaida Malam.

'Yarki,
Asabe