Haruffa Uku a Akwatin Baba

Athlone, Cape Town
6 ga Maris, 2023

Yayata Rugaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, har yanzu tana kumbura in kin daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau, sai gajiya da ɗauke wuta, yanzu sau uku a rana.

Kin tambayi labarin maigidana Igshaan. Yana nan yadda kika san shi. Tun da ya bar tuƙin bas ba shi da aiki sai tara tsofaffin akwatunan gem, irin na wasan nan da ake jefa wa kwandala. Guda tara ne yanzu a gareji, motar kuwa a titi take kwana. Mutum da furfurarsa, yana bin gwanjo yana neman kwandalar santi ashirin ta da, don ita kaɗai akwatunan suke karɓa. Na yi magana har bakina ya gaji, ko a jikinsa.

Na goman ne ya sa na ɗauki biro. Kin tuna Mai Laima? Akwatin nan na kantin Baba, kusa da firjin lemo, wanda a wasansa wani ɗan mutum yake saukowa daga bene da laima yana kauce wa tsuntsaye. Masu tara irin waɗannan sun ce ba su kai biyar ba a duk ƙasar. Shekara shida yana cigiya, ya same shi a Worcester wajen wani mai soya kifi, wanda ya saya lokacin da Baba ya rufe kanti. Namu ne, har da ƙunar sigarin Kawu Salie a gefe. Da aka kunna shi, jerin maki yana nan yadda muka bar shi. A sama: IGS, wato farkon sunansa, 412,650. Igshaan ya tsaya yana kuka a gaban masu dako.

Kin san labarin da yake bayarwa. Yayansa Tauriq ya kama shi yana ɗaukar kwandaloli a gwangwanin mahaifiyarsu, ya mare shi a gaban abokai, suka yi wata guda ba sa magana. Wata Juma'a da yamma Igshaan ya shigo kanti ya ga sunansa a saman jeri, da makin da bai taɓa yin rabinsa ba. A unguwa Tauriq ne kaɗai gwanin da zai iya. Washegari Tauriq ya bi jirgin kamun kifi, teku ba ta dawo da shi ba. Shekara talatin da biyar ke nan Igshaan yana cewa yayansa ya yafe masa, ga shaida.

Yaya, ni na yi makin nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ran Juma'a in Baba ya rufe kanti ya tafi masallaci, ke kina kicin, ni ina ɗaukar makullin akwatin in buga kyauta har a sauko. Shekara biyu ina haka. Ranar da na kai sama, ban isa in sa sunana Baba ya gani ba, sai na sa na yaron da nake so. Na yi niyyar faɗa masa ran Litinin. Kafin Litinin an fara zaman makoki. Bayan nan kuma, wace rana ce ta dace? Ranar ɗaurin aure, ko ranar sunan 'yarmu Nabeela?

Yanzu ga abin ya biyo ni har gida, yana kiɗa a kunnena tun safe. Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Faldiela

Athlone
2 ga Afrilu, 2023

Yaya Rugaya,

Sallama da gaisuwa. Ya azumi, ya ibada? Wasiƙarki ta iso. Kin ce in ja bakina in yi shiru kamar yadda na saba, kuma na ji. Sai dai abin ya zo ta inda ba mu zata ba.

Ashe wani ɗan batir ne a ciki, bai fi kan yatsa ba, yake riƙe da jerin makin. Desmond Fortuin, tsohon mai gyaran talbijin ɗin nan da suke shiririta tare, ya auna ya ce ya kusa mutuwa. Kuma ba a canza shi sai akwatin yana kunne, don wutar gida ta riƙe jerin kafin a dasa sabo. Aikin minti biyu ne. Suka sa ranar Asabar. Igshaan ya duba jadawalin ɗauke wuta da ke manne a firji har sau uku, ya ce sai ƙarfe huɗu za a ɗauke. Takardar ta makon jiya ce, Yaya. Babu wanda ya kalli kwanan wata.

Ina yanka albasa na ji firji ya yi shiru, an ɗauke wuta. Desmond ya riga ya cire tsohon batirin, sabon yana hannunsa. Na leƙa gareji na tarar da ƙarti biyu a tsaye kamar an dasa su. Desmond ne ya fara magana, ya ce, "Ɗan'uwa, ka zage ni mana. Ka zagi uwata ma, ta saba." Igshaan bai ko kalle shi ba.

Da wuta ta dawo akwatin ya tashi lafiya, amma jerin ya koma na kamfani, sunayen Japanawan da ba su taɓa rayuwa ba. Ba zan ɓoye miki ba, abin da na fara ji sauƙi ne, na ce shaida ta tafi, na huta. Ban huta ba. Ya rantse sai ya mayar da makin da hannunsa. Daga an sha ruwa yana can, da hantsi yana can, wuyan hannunsa ya kumbura. Bai taɓa wuce dubu ɗari da hamsin ba. Mijina bai iya wasan nan ba, bai taɓa iyawa ba. A bene na bakwai yake mutuwa kullum, don yana buɗe laimar da wuri. Ina jin kiɗan daga kicin ina cije leɓe kada in ce masa ya dakata tukuna.

Jiya na soya masa koesister, fanken nan namu mai zaƙi, da buɗa-baki, ya ci rabin ɗaya. Ya ce gani yake kamar yanzu aka zo da labarin jirgin. Na gaji, Yaya, gajiyar da barci ba ya maganinta.

A gaida yara da babansu.

Taki,
Faldiela

Athlone
14 ga Mayu, 2023

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi salla lafiya, ƙafa kuma da sauƙi. Ki yi haƙuri da shirun da na yi. Na karya shawararki.

Juma'a biyar na yi ina shiga gareji in ya tafi masallaci. Yatsuna sun yi nauyi, idona sai da tabarau, amma hannu bai manta ba. In na gama sai in bar wurin suna babu komai, makin ya wuce. Dabarata ita ce in mayar da IGS sama, in roƙi Desmond ya ce shi ya tono jerin daga cikin na'urar. Ban ko tsaya na yi tunanin cewa Igshaan ya haddace lambar kamar ranar haihuwarsa ba.

Shekaranjiya wuta ba ta dawo ba sai ƙarfe ɗaya saura, na fara a makare. Wasan kuwa ya fi awa ɗaya da rabi in mutum yana ci, kuma ba a tsayar da shi. Ina wajen dubu ɗari uku na ji ƙanshin turarensa a bayana. Kin san ƙa'idar kantin Baba: ba a yi wa mai bugawa magana, wanda yake son layi sai ya ajiye kwandalarsa a bakin gilashi ya jira. Sai na ga hannu ya zo ta gefena ya ajiye santi ashirin. Da na so, da sai in saki sandar bugawa in mutu a nan, in ce gwadawa nake. Ban saki ba. Ban san me ya hana ni ba, ko girman kai ne, ko kuwa na gaji da ɓoyo. Ya yi kusan rabin awa a tsaye da jallabiyarsa. Na mutu a dubu ɗari huɗu da talatin. Wurin suna ya fito, na sa haruffan nan uku yana kallo.

Na juyo. Wallahi na ɗauka zai yi dariya, ko ya yi faɗa.

Ya ce, "Tun yaushe kika iya?"

Na ce tun ina 'yar sha biyar.

"Na wancan lokacin ma ke ce?"

Na ce ni ce. Na ce masa son sa nake yi, ban san yadda zan faɗa ba. Ya gyaɗa kai kamar ya ji farashin tumatir. Ya cire hularsa ya zauna a kan akwatin lemo, ya daɗe yana juya ta a hannu.

Sai ya ce, "Ke nan Tauriq da fushina ya tafi."

Na yi shekara talatin da biyar ina tsoron zai ce na yaudare shi, ashe ni ko a lissafin ba na ciki.

Bai yi min gori ba. Yana gaishe ni, yana cin abin da na ba shi, jiya har ya shigo da motar inuwa ya wanke. Garejin dai bai sake buɗewa ba, gidan ya yi shirun da na daɗe ina roƙo, kuma ba na iya zama a cikinsa.

Ga roƙona. Ajinku ɗaya da Tauriq, kuma yana yawan tsayawa hira da ke a bakin kanti a watan nan na ƙarshe. Ki zauna ki tuna. In ya taɓa ambatar ƙaninsa da alheri, ko kalma ɗaya ce, ko tambayar ya ci abinci, ki rubuto wa Igshaan da hannunki. Amma don Allah kada ki ƙirƙira. In babu, ki rubuto min ni kaɗai ki ce babu, zan san yadda zan zauna da shi a haka.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya jiƙan Baba da Tauriq.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Faldiela